Baƙar Ƙasa Buhu Biyu

A wurin sayar da ƙasar shuka, wani dattijo ya tsuguna gaban tulin baƙar ƙasa, ya damƙo yana murzawa a tafin hannunsa. Mai ƙasar ya matso da shebur a kafaɗa.

"Baba, ta ciyawar tsakar gida kake so, ko ta lambu?"

"Wane lambu, ɗana? Ɗan lungu ne a bayan ɗakin da yarana suka ajiye ni. Kuɓewa zan shuka, don kada zama ya kashe ni."

"To wannan za ka ɗauka. Waccan yashi ya yi mata yawa, ba ta riƙe ruwa. Wannan kuwa ko taki ba ta nema."

"Na gani, ta sha wahalar wani. Daga ina kuka ɗebo ta?"

"Wata gona ce a bakin rafi, gidaje za a gina. Katafila ta kankare saman, muka kwashe tifa goma sha biyu. Wai 'ya'yan mai gonar ne suka sayar."

Hannun dattijon ya daina murzawa.

"Akwai giginya biyu a bakin hanyarta?"

"Da akwai, a gabanmu aka tumɓuke su. Ka san wurin ne?"

"Shekara arba'in da ɗaya ina kai mata taki. Ce mini suka yi aro suka bayar, in na ji sauƙi zan koma."

Mai ƙasar ya sauke shebur a hankali.

"Baba, gonaki da yawa, wataƙila ba ita ba ce."

"Ita ce, ɗana. Zuba mini buhu biyu. Kada ka cika su, ba zan iya ɗauka ba."