Baba Ya Daina Shiga Sahu

Assalamu alaikum mai gabatar da shiri, Allah ya ƙara basira. Ni ne Lawal ɗan Malam Idi ladan, daga Wagini ta ƙasar Batsari, a sabuwar jiharmu ta Katsina.

Tsargiya ce ta cinye wa babana mafitsara. Bara da kaka muka kai shi Zariya, likitoci suka cire mafitsarar, suka yanki hanjinsa suka ɗinka masa 'yar jaka a ciki. In ta cika, sai ya zura siririyar roba ta cibiya ya zubar da fitsarin, ya wanke wurin. Ni nake tafasa robar, ni nake masa wanki, kuma wallahi ban taɓa ganin ɗigo a rigarsa ba.

Ranar da ya koma masallaci, wani dattijo abokin wasansa ya ce, "Malam Idi, kai da fitsarinka ke kwana a hanji, alwalarka tana tsayawa kuwa?" Aka yi dariya, ban da Baba. Tun daga ranar bai sake kiran salla ba, bayan rumbu yake shimfiɗa buzunsa shi kaɗai. Na ce, "Baba, ai a bushe kake." Ya ce, "Kai malami ne?"

Ni ba malami ba ne, shi ya sa nake roƙon malaman wannan shiri su faɗa mana: zai iya komawa sahu? Don Allah ku ambaci sunansa. Rediyon na nan gefen buzunsa, yana jin ku.