Yadda Na Koyi Addu'a da Ido Buɗe

Jama'ar Allah, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu mai cetonmu. Ku yabi Ubangiji!

Sunana Rifkatu, matar Bitrus, muna zaune a Damba. Waɗanda suka san ni sun san ni da abu biyu: sayar da hatsi da yawan tambaya. Yau na tsaya in faɗi yadda Allah ya mayar mini da 'yata Salama.

Shekara biyu ke nan, ina dawowa daga kasuwar Tsafe da buhunan dawa, 'yan bindiga suka tare motarmu da rana tsaka. Kwana tara muka yi a daji. Ba zan faɗi duka ba, akwai yara a nan. Allah ya fito da ni ba harbi ba karaya, na ɗaura sabon zane na yi rawar godiya a cikin majami'ar nan.

Bayan wata guda sai na fara ɓacewa. Ba suma ba ce, ba faɗuwa ba. Ina tafiya, ina amsa gaisuwa, amma ni ba na nan. Wani lokaci in ga hannuna yana tuƙa tuwo kamar hannun maƙwabciya. Wani lokaci in farga rana ta karkata, ban san inda hantsi ya tafi ba.

Wata Laraba bayan taron zumuntar mata, na je niƙa da Salama. Na zaunar da ita a kan bencin mai inji. Sai ganina na yi a ƙofar gida da gari a ka, babu yarinya. 'Yar shekara uku! Mai injin ne ya riƙe ta har Bitrus ya je.

Washegari Mama, uwar mijina, ta iso daga Bungudu. Ta ce, "Rifkatu, ba ƙin ki nake ba. Amma yarinyar nan za ta zauna wurina sai kin dawo hayyacinki." Na yi fushi, na yi kuka, na ƙi cin abinci. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ta fi ni gaskiya.

Muka shiga asibiti. An gwada taifod, an gwada hawan jini, an duba farfaɗiya, an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Komai lafiya lau. Har na ce wa wani likita, "Anya ni kuka gwada kuwa?"

Ku kuma, 'yan'uwa, kun ƙaunace ni, Allah ne shaida. Kun yi azumi domina. Kowane taro sai a sa ni tsakiya a ce, "Durƙusa, rufe ido, sunkuya." Hannuwa su sauka a kaina, kowa ya ɗaga murya. Kafin a je ko'ina jikina ya sandare. An ce muryata kan koma ta ƙaramar yarinya, ina cewa, "Ku yi haƙuri, ba zan duba ba." Sai Mama Saratu, shugabar mata, ta ce, "Ga aljanin nan ya bayyana, ku ƙara ƙarfi!"

Ni kuwa tambaya ɗaya ta hana ni sakat, ina tsoron furta ta: wane irin aljani ne wannan da addu'a ke ƙara masa ƙiba?

Wani abokin aikin Bitrus ya ce mu gwada sashen masu ciwon tunani. Na ce ni ba mahaukaciya ba ce. Bitrus ya ce, "To zauna, Salama ta yi aure a Bungudu." Na ɗauki gyalena.

Can muka sami wata likita, Hajiya Luba, 'yar nan Gusau. Zama uku muka yi tana ta tambayata, sannan na juya mata tawa: mene ne sunan ciwona?

Ta ce, "Gaskiya wanga ciwo naki bai shiga daidai cikin kowane suna da muke da shi ba. Amma mun san danginshi. In tsoro ya yi yawa, hankali kan janye shi bar jiki, don mutum shi tsira. Can daji ya taimake ki. Shi dai bai san kin dawo gida ba."

Na ce, "To da wa zan yi faɗa in ba shi da suna?"

Ta yi dariya. "Bar suna. Mu nemi abin da ka kiran shi."

Ta ba mu ɗan littafi, ta ce duk ranar da na ɓace, Bitrus ya rubuta abin da ya faru kafin nan. Abin ya burge ni, kullum sai na leƙa in ga me aka rubuta a kaina. Bayan mako huɗu ta buɗe, tana bi da yatsa: Laraba, Lahadi, Laraba, ranar azumi.

"Mi kuke yi waɗanga ranaku?"

Na kwatanta mata yadda ake mini addu'a. Sai a hankali ta ce, "Can daji, in sun zo kanku, mi suke cewa ku yi?"

Nan take na tuna. Cewa suke mu durƙusa, mu rufe ido, mu sunkuya. Wanda ya ɗago, hannu ya danne masa kai, muryoyi na ta ihu a samanmu.

Jama'a, ashe jikina bai iya bambanta hannun Mama Saratu da hannun ɗan bindiga ba!

Na zata za ta ce in bar addu'a, tunda ba addininmu ɗaya ba. Sai ta ce, "Ni in hana ki addu'a? Je ki tambayi malaminku ko Allah na jin wanda idonshi ke buɗe."

Da na tambayi Fasto, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce rufe ido al'ada ce don a tara hankali, ba doka ba ce.

Larabar da ta biyo, aka ba ni kujera. Na cire takalmi na taka siminti, na jefa tsamiya a baki yadda Hajiya ta koya mini, don tsaminta ya riƙe ni. Mata uku kawai, murya ƙasa ƙasa, ba mai taɓa ni. Hannun Mama Saratu yana ta tashi da kansa, har sai da ta zauna a kansa. Na kalli taga, na kalli fanka, na kalli fuskokinsu. Na ce, "Ya Yesu, ga ni. Yau dukkana na zo."

Sai na ji "Amin." Wata bakwai rabon da a yi mini addu'a in ji ƙarshenta da kunnena. Halleluya!

Ba ranar na warke ba. Wata takwas na ƙara ina zuwa wurin Hajiya, ina fitar da labarin dajin kaɗan kaɗan. Har yau ƙarar babura da yawa kan so ta ɗauke ni, amma yanzu ina jin zuwan ciwon, in taka ƙasa in kira sunan Yesu. Katina na asibiti kuwa har gobe ba suna a kai.

Watan jiya Mama ta zo da Salama, ta yi mako tana kallona kamar mai tayin akuya. Ranar komawarta ta zuba kayan yarinyar a akwatina, ta ce, "Ki riƙa dafa mata wake, ta daina cin kuɓewa." Na fashe da kuka. Daɗi ya kama ni, baƙin ciki ma ya kama ni, don ban san abin da 'yata ke ci ba. Yanzu na sani.

Na gode wa Allah da bai jira suna ba kafin ya taɓa ni. Na gode muku da ba ku gaji ba. In akwai mai irin ciwona a cikinku, kada ya ji kunyar asibiti, Allah yana can. Mu kuma kafin mu ɗora wa wani hannu, mu tambaye shi yadda yake so a yi masa addu'a. Ku dogara ga Ubangiji, ba ya yashe nasa.

Fasto zai rufe mana da addu'a. Ku rufe idanunku abinku. Ni zan bar nawa a buɗe, ga Salama can a benci na biyu tana ɗago mini hannu.