Gwaggo Hajo Ta Daina Waƙar Niƙa

Assalamu alaikum mai gabatar da shiri, ina gaishe ka da aiki. Ni ce Zulai daga Yekuwa.

Ina da gwaggo, yayar mahaifina, ana ce mata Hajo. Tun da injin niƙa ya shigo garinmu, ita kaɗai ta rage da ta san waƙoƙin da mata ke yi a bakin dutsen niƙa. Bara wata malamar lakwal, wato makarantar boko, daga Magariya ta riƙa zuwa tana ɗaukar muryarta a waya. Kwanan nan ta aiko cewa za a yi taron karrama masu riƙe da al'adunmu, kuma Gwaggo na ciki.

Don murna har zanenta na biki ta fito da shi ta shanya. Sai babban ɗanta, Yaya Sani, ya ce, "Inna, da tsufanki za ki tsaya gaban maza kina waƙa? Ba da ni ba."

Ta ce, "To."

Tun ranar ba ta ƙara rera komai ba, abinci ma sai an matsa mata. Jiya na roƙe ta ta yi mini waƙa guda, sai ta ce, "Zulai, sun fara ɓace mini."

Wallahi hankalina ya tashi. Taron ya matso, kuma malamar ko rabin waƙoƙin ba ta ɗauka ba. Iyayena masu sauraro, ta yaya zan shawo kan Yaya Sani ba tare da na haɗa ɗa da uwarsa ba? Don Allah ku taimake ni da shawara tun tana tuna sauran.