Wanzamin da Hannunsa Ya Daina Rawa

A tashar Diffa, wani dattijon wanzami ya tare wani manomin tattasai mai jiran motar Shetimari.

"Malam, zauna in yi maka aski, kyauta."

"Kyauta? Don me, Baba?"

"Shekarun baya hannuna ya kama rawa, na ajiye aska. Likita a Yamai ya gane cutar, ya ba ni ƙwayoyin da nake sha kullum. Dubi hannun yanzu."

"Lalle ya natsu. Gyatumata ma haka take, ko ludayi ba ta iya riƙewa. Mutum nawa ka aske tun dawowarka?"

"Kai ne na farko."

Manomin ya yi dariya, ya cire hula.

"Bismilla. In kunnuwana suka tsira, ni ma zan kai ta wurin likitan nan."