Barcin Ɗan Masaƙa

A ƙofar masaƙar auduga a Bombay, jiniya ta yi kukan farko. Hirabai, ma'aikaciyar masaƙar, na ta jijjiga jaririnta, ya ƙi motsi. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta zuba mata ido.

"'Yar nan, ƙwayar barci kika lasa masa?"

"Ina ruwanki, Inna? Kowa na yi. In ya tashi ina bakin inji, ke za ki rarrashe shi?"

"Ni ma haka na kwantar da uku."

"To, ai sun girma."

"Ɗaya ya girma."

Jiniya ta sake kuka. Hirabai ta dubi ƙofa, ta dubi yaron.

"Miƙo shi," in ji tsohuwar. "Gobe ki kawo min shi yana tsala ihu. Inji ya daɗe da cinye min kunne."