Maki Goma Sha Ɗaya Suka Rage

MERLE: Halo?

DARLENE: Merle? Kana jina?

MERLE: Wa ke magana? Ɗaga murya, kamar daga cikin rijiya nake jin ki.

DARLENE: Darlene ce mana, ƙanwar Wendell! Shekara arba'in kana jin muryar nan, yau za ka ce wa ke magana?

MERLE: A'a, Darlene! Ina kwana? Ya Marquette? An ce ƙanƙara ta binne ku.

DARLENE: Tun safe nake kwasa a ƙofar gareji. Ya Wausau? Ya Bev?

MERLE: Lafiya lau. Ta tafi coci, suna ɗinkin bargunansu.

DARLENE: Ka gaishe ta. Ya gwiwar?

MERLE: Wace giwa kuma?

DARLENE: Gwiwa! Gwiwarka da aka yi wa aiki!

MERLE: Oho. Da sauƙi, sai dai hawan bene. Otis, yi mana shiru! Karen nan zai kashe ni. Ya jikokin?

DARLENE: Suna can suna cinye iyayensu. Ya yayana? Jiya sau biyu na kira bai ɗauka ba.

MERLE: Yana nan. Barci yake yawan yi kwanan nan.

DARLENE: Ai dole, wankin ƙoda ba wasa ba ne. To ka ji abin da ya sa na kira. Ya turo min saƙo wai ranar Asabar za mu zauna a teburin kicin, kai ka ja labari yadda ka saba, mu mu jefa ɗan lido. Wai jaruminsa na wasan, Ulgar Mai Gatari, zai ɗauko, a ƙarasa faɗan nan da dodon kogo mai aman wuta.

MERLE: Haka ya ce.

DARLENE: Wasan da muka bari tun tamanin da tara! Ranar da aka kira mu Baba ya faɗi a masana'antar takarda.

MERLE: Ko fensirin ba a goge ba. Takardun suna cikin kwalin takalmi a wurinsa.

DARLENE: To ni na yi aikin. Kwana uku ina zaune da littafin dokokin sabon bugu, na juya Ulgar kaf zuwa sabbin dokokin, na juya tawa jarumar, Ismera mai magani. Ka ɗauko biro.

MERLE: Darlene...

DARLENE: Tsaya tukuna. A tsohon bugu, Ulgar yana mataki na bakwai, ransa maki arba'in da ɗaya in yana cike. Nawa suka rage ranar da muka tashi?

MERLE: Goma sha ɗaya.

DARLENE: Goma sha ɗaya! A sabon bugu, mataki ɗaya, mutum ɗaya, maki saba'in da huɗu. Sara biyu yake yi a kowane zagaye, ba ɗaya ba. In ya jigata yana iya jan numfashi ya dawo da wasu makin da kansa. In ma ya faɗi ƙasa, sai an jefa masa ɗan lido sau uku kafin a ce ya mutu.

MERLE: Ai dodon ma sun ƙara masa ƙiba a sabon.

DARLENE: Sun ƙara, amma na lissafa. A sabon bugu, faɗa goma Ulgar zai ci takwas. A tsohon fa? Sai ya jefa sha bakwai ko sama a ɗan lido mai fuska ashirin, tun kafin dodon ya buɗe baki. Ɗaya cikin biyar. In ya kuskure, wuta ɗaya ce, an gama.

MERLE: Tsohon bugu ke nan. Mutum mutum ne a cikinsa.

DARLENE: Dallah rabu da ni! Bugun da agwagwa ta kashe matsafin abokin wasanmu Curtis a bakin gada?

MERLE: Dinya ce, ba agwagwa ba. Kuma shi ya tsokane ta.

DARLENE: Mutumin da ya kwana biyu yana zana gemun matsafinsa, minti goma ya yi a wasa! Wannan kake kira doka?

MERLE: Allah ya jiƙan Curtis, har ya mutu bai yafe min ba. Amma sabon nan naki, kowa ɗan aljani ne. A sare ka, ka kwana ɗaya, ka tashi garau kamar ba a yi ba. Wendell ya ce ba ya jin tsoro a cikinsa, kuma wasan da ba tsoro...

DARLENE: Halo? Ka yanke. Wendell ya ce me?

MERLE: Ya ce tsohon bugu yake so. Da tsohuwar takarda, da makinsa goma sha ɗaya.

DARLENE: Haba! Ni fa? A sabon bugu Ismera tana warkar da shi daga nesa, tana ɗaga murya kawai. In ya mutu ma tana da minti guda ta tashe shi. A tsohon, addu'a ɗaya tak ta rage mata, kuma tana can bayan kogo.

MERLE: Ya sani.

DARLENE: To me yake nufi? Mutum yana fama da jikinsa, sai mu taru mu ƙona masa jaruminsa a gabansa? Gara ya ci dodon, ya yi dariya, ya samu ƙarfin zuwa wankin Litinin. Kai ma ka... Merle, wai haushin Otis nake ji har yanzu?

MERLE: Shi ne. Mai kawo wasiƙa ya gani.

DARLENE: A gida kake?

MERLE: Eh mana.

DARLENE: Yau Laraba. Ƙarfe goma na safe. Litinin, Laraba, Juma'a, kai kake kai shi asibiti ka zauna da shi awa huɗu. Me kake yi a gida?

MERLE: Layin nan ba shi da kyau, Darlene.

DARLENE: Layin lafiya lau yake. Wa ya kai shi?

MERLE: Ba wanda ya kai shi.

DARLENE: Ban gane ba.

MERLE: Ya sa na rantse ba zan faɗa miki ba sai bayan wasa.

DARLENE: Merle Halvorsen, ka buɗe baki ka yi min magana.

MERLE: Ya daina. Ya zauna da likitansa, ya sa hannu a takardu. Akwai ma'aikaciyar jinya da ke zuwa gida safe da yamma, tana ba shi abin rage ciwo. Ba ya shan wahala, wallahi ba ya sha.

DARLENE: Yaushe ne na ƙarshe?

MERLE: Me?

DARLENE: Wankin ƙarshe! Yaushe?

MERLE: Larabar da ta wuce.

DARLENE: Kwana bakwai. Wayyo Allah. Kwana bakwai, ni ina nan zaune da fensir ina ƙara wa Ulgar maki.

MERLE: Ki yi haƙuri.

DARLENE: Kar ka ce min in yi haƙuri! Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi. Kai wane ne da za ka sani ni ban sani ba?

MERLE: Direbansa ne ni, shi ke nan. Shekara shida ina kallon ana huda masa hannu har ba sauran wurin hudawa. Ya ce sau biyu yana cewa ya gaji, sau biyu kina tuƙo mota ki zo ki juya masa ra'ayi. Ya ce in kika yi kuka a gabansa zai koma, kuma ba ya son komawa.

DARLENE: Ai shekara uku na ƙara masa da kukan nan!

MERLE: Bai musa ba. Ya ce ya gode. Ya ce shekara ukun ma a kujerar asibiti ya yi rabinsu.

DARLENE: Bari in zauna.

MERLE: Darlene? Kin yanke?

DARLENE: Ina nan. To shi ke nan, a yi tsohon bugun. Amma abu ɗaya za ka yi min. Kai kake jefa wa dodo, a bayan kwalin nan da kake ɓuya. Ba wanda ke ganin abin da ya fito. Ka ce ya kuskure. Ka ce wutar ta bugi dutse. Ko a wasa ne, ka bar min shi ya fita daga kogon da ƙafafunsa.

MERLE: Ba kwali.

DARLENE: Kamar yaya ba kwali?

MERLE: Ya karɓe shi. Ranar Lahadi ya ce in kawo masa, ya tura ƙarƙashin gadonsa. Ya ce sau uku na yi wa Ulgar ƙarya a bayan kwalin nan. Ya lissafa min su, Darlene. Faɗan gadar igiya, da kibiya mai guba, da ranar da budurwarsa ta rabu da shi na ce takobin abokin gaba ya zame. Shekara arba'in ina ganin na iya ɓoyewa, ashe kunnuwana ke yin ja.

DARLENE: Kowa ya san kunnuwanka suna ja.

MERLE: Ya ce wannan karon a tsakiyar tebur za a jefa, kowa yana gani. Abin da ya fito ya fito.

DARLENE: In ya jefa sha bakwai fa?

MERLE: Sai ya sare kan dodon, mu yi ihu, Bev ta yanka cuku.

DARLENE: Amma ba zai koma asibiti ba.

MERLE: Ba zai koma ba.

DARLENE: Addu'ar Ismera fa? Ita ma ya hana?

MERLE: A'a. Ya ce takardarki ce, ki yi yadda kika so da ita. Sai dai doka tana nan yadda take. A tsohon bugu ba a warkarwa daga nesa. Sai kin isa wurinsa kin ɗora masa hannu.

DARLENE: Taku nawa ne tsakanin Ismera da Ulgar a taswirar kogon?

MERLE: Sittin. Zagaye biyu in kin yi gudu.

DARLENE: Dodon kuma zagaye ɗaya yake buƙata.

MERLE: Haka ne.

DARLENE: Ƙafafunsa sun kumbura?

MERLE: Na wa? Ulgar?

DARLENE: Wendell, kai! Ƙafafunsa. Yana mantuwa? Yana magana ya yi barci a tsakiya?

MERLE: Sun kumbura. Jiya ya kira ni Curtis sau ɗaya, amma nan da nan ya gyara.

DARLENE: Shekara talatin na yi ina aikin jinya, Merle. Asabar kwana goma ke nan. Ranar Asabar ba zai iya riƙe ɗan lido ba. Wa ya sa ranar?

MERLE: Shi. Ya ce kullum Asabar muke yi.

DARLENE: Ku biyun nan ba ku taɓa iya lissafi ba, shi ya sa nake riƙe muku takardu. Ka je ka share teburin. Ka ɗauko kwalin takalmin, ka fere fensir. Yau za a yi.

MERLE: Yau? An ce hanyar ta rufe daga wajen...

DARLENE: Awa huɗu ce, in ta yi tsanani biyar. Kafin rana ta faɗi ina nan.

MERLE: Zai san na faɗa miki.

DARLENE: Ai da ya ga kunnuwanka zai sani. Ka ce masa ba zan yi kuka ba. Ka ce masa na bar sabon bugu a gida.

MERLE: Darlene, ki tuƙa a hankali, don Allah. In kika...

DARLENE: Kar ka bari ya yi dogon barci kafin in iso. Ka zauna kusa da shi, ka yi ta ja masa labarin kogon, yadda duhun yake, yadda...

MERLE: Halo? Darlene? Halo?