Mu da Muka Sha Ƙwayar Banza

Mai girma shugaban taro, manyan likitoci, masu bincike da suka sha kwat yau har ban gane wasunsu ba, 'yan'uwana masu keken guragu da aka jera a sahun gaba don hoto ya yi kyau, iyayena mata da sauran jama'a, assalamu alaikum.

Ni kafinta ne. Daga kan rufi na faɗo, lakata ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa sai dai labari. Ina godiya da kuka sa mu cikin wannan bincike, ina kuma godiya da aka ba ni lasifika, ko da yake na ga wasu sun fara nadama.

Na farko, maganin. An ce mana na tsofaffi ne masu mantuwa, wai yana hana saƙon jijiya saurin ɓacewa a hanya, ana so a gani ko zai taimaki laka. Muka ce a kawo. An ce rabinmu za su sha na gaske, rabi kuma ƙwayar banza, kuma ko likita bai san wanda ya sami wanne ba. Muka ce mun ji.

Na biyu, ku ne ba ku sani ba, mu kam mun sani. Ai kun gargaɗe mu cewa na gasken yana kawo gudawa da dalalar yawu. To, a ɗakin jira, duk wanda cikinsa ya ruɗe sai mu yi masa barka. Ranar da abokina Direba ya fito daga banɗaki yana haɗa gumi, tafi muka yi masa. Ni kuwa kowace safiya matata sai ta tambaye ni, "Maigida, ya cikin?" In ce, "Lafiya lau." Ta ce, "Mun shiga uku!"

Na uku, nan dariya ta ƙare. Kun tabbatar mini ta banza na sha. Kun yi alkawari tun farko cewa in an gama za a ba mu na gasken, yanzu kuma an ce mu jira kwamiti ya zauna. Ranka ya daɗe, mun fi kwamitin nan iya zama, kuma mun gaji.

Direba bai tashi ya yi tafiya ba. Amma yanzu yana jin fitsari kafin ya zo. A rahotonku layi ɗaya ne can ƙasa, motsin yatsan ƙafa kuka sa a gaba. Ko maganin ne ko ikon Allah ne kawai, ku ba ni in gwada. Matata ce ke wanke zanin gadona kullum, ni kuwa in juya fuska bango saboda kunya. Ba gudu na zo nema ba. So nake wata safiya ta ɗaga zanin nan ta same shi a bushe.

Allah ya ba bincikenku albarka, ya tashi kafaɗun marasa lafiyarmu, ya saka wa masu jinyarmu da alheri, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.